Ƙuri'ar zaɓe: caca ce, mubaya'a ce, ko shaida?

Tambaya

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da hatsi a kasuwar Katako a nan Jos. Kwanakin baya gardama ta kaure a rumfarmu a kan zaɓe. Wani ya ce ƙuri'a ƙanwar caca ce, tunda sunansu ɗaya da wasan sa'a. Wani ya ce mubaya'a ce, saboda haka ba ta halatta sai ga shugaban da zai yi hukunci da shari'a. Na uku kuma ya ce ƙuri'arsa hajarsa ce, in ya ga dama ya sayar. Muna roƙon Malam ya warware mana ma'anar ƙuri'a da sauran kalmomin da muke ji a bakin 'yan siyasa da malaman zaɓe, tare da hukuncinsu. Allah ya ƙara wa Malam lafiya.

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa kasuwa albarka. Malamai suna cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, kuma gardamarku daga suna ta taso, domin kalma ɗaya ce Hausa ta ɗora wa abubuwa biyu da ba su haɗa hanya ba.

Kalmar ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, kuma a can tana nufin abin da ake jefawa don raba gardama tsakanin mutanen da haƙƙinsu ya zo daidai, babu wanda ya fi wani. Alƙur'ani ya ambace ta a aya ta 44 ta Ali Imrana, inda aka jefa alƙaluma don a san wanda zai riƙi Nana Maryamu, da aya ta 141 ta Saffati a ƙissar Annabi Yunusa cikin jirgi. Nana A'isha ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, kuma wanda ya karanta Risala ya san rabon ƙuri'a, wanda ba a yin sa sai a cikin dukiya jinsi guda. Kai kanka ka ga irinta a adashi, ranar da ake nannaɗe 'yan takardu a zuba a hula don a san wanda zai fara kwasa. Wannan halal ce, kuma ba caca ba ce, domin a caca kowa yakan zuba dukiyarsa ne sa'a ta kwashe ta ba mutum ɗaya, sauran su tashi a tutar babu.

To, abin da ake yi a rumfar zaɓe bai shiga ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mai hannu a cikin hula bai san takardar da zai ɗauko ba. Kai kuwa malamin zaɓe ya miƙo maka takarda mai alamun jam'iyyu, ka shiga bayan shamaki kai kaɗai, ka duba da idonka, ka tsoma babban yatsa a tawada, ka dangwala a inda ka ƙudurta tun daga gida. Babu sa'a a nan ko miskala zarratin, sai ganin dama da niyya, kuma duk aikin da niyya ta shiga akwai hisabi a kansa. Sunan da ya fi dacewa da shi shi ne zaɓe, wato fifita wani a kan wani bisa sani.

Idan aka tambayi matsayin wannan dangwalawa a fiƙihu, abin da ya fi rinjaye a wurina, kuma malamai da yawa na zamani suka tafi a kansa, shi ne shaida ce da wakilci a haɗe. Shaida ce domin kana faɗa wa jama'a cewa a iya saninka wannan mutum ya fi abokan takararsa cancanta. Wakilci ce domin kana damƙa masa wani yanki na al'amarinka, kamar kuɗin harajin da aka karɓa a rumfarka, da asibitin da iyalinka za ta haihu, da hanyar da buhunanka za su biyo. Ma'aunin cancanta kuwa yana aya ta 26 ta Ƙasasi, inda aka ce mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce, wato iya aiki da riƙon amana.

Jin ra'ayin jama'a kafin naɗa shugaba ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da aka soki Sayyidina Umar ya bar al'amarin a hannun mutum shida, Usmanu da Aliyu da Ɗalha da Zubairu da Sa'adu da Abdurrahman ɗan Aufu, sai Abdurrahman ya janye kansa ya yi kwana uku yana tuntuɓar mutanen Madina, ko barcin kirki ba ya yi, har ya ga inda suka karkata. Mubaya'a ta biyo bayan wannan ne, kuma nan ne abokinka na biyu ya kuskure. Mubaya'a alkawarin ji da ɗa'a ne ga shugaban da aka riga aka tsayar, ba ta da wa'adi, kuma warware ta babu dalili babban laifi ne. Ƙuri'a kuwa tana zuwa kafin a san wanda zai hau, tana da wa'adin shekara 4, kuma tsarin mulkin 1999 ya ba mutanen mazaɓa damar yi wa ɗan majalisa kiranye idan fiye da rabin masu rajista suka sa hannu a takardar koke, aka kuma tabbatar da ita da ƙuri'ar raba gardama.

Ban ɓoye maka ba, akwai malaman da suka hana shiga zaɓe ɗungurungum, suna cewa tsari ne da ya ba mutane ikon kafa doka, alhali hukunci na Allah ne. Damuwarsu abin girmamawa ce, amma ban bi su ba. Kujerar nan ba za ta zauna babu kowa ba don ka ƙaurace mata, wani zai hau ya yi iko da kasuwarka da makarantar 'ya'yanka, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa ana tunkuɗe babbar ɓarna da ƙarama. Annabi Yusufu ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar ƙarƙashin sarkin da ba ya bin addininsa, kuma majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, wato ƙungiyar Musulmin duniya, a Makka ta zartar a 2007 cewa Musulmi yana iya shiga zaɓe tare da waɗanda ba Musulmi ba idan maslaha ta rinjaya. Wannan ya shafe mu kai tsaye a Filato, jiha mai ƙananan hukumomi 17 da ƙabilu da addinai a cakuɗe. Idan 'yan takara ba Musulmi ba ne, ko kuma aka jarraba wani wanda ba Musulmi ba aka ga ya fi tsare jini da dukiya da wuraren ibada, zaɓensa ba jiɓintar addininsa ba ne. Sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha sun yi wa Najjashi addu'ar nasara a kan wanda ya yi masa tawaye, saboda adalcin da suka gani a ƙasarsa.

Saboda haka asalin hukuncin kaɗa ƙuri'a halacci ne, kuma yakan kai ga wajibi idan mutum ya ga bambanci a fili tsakanin mai gyara da mai ɓarna, domin Allah ya ce a aya ta 283 ta Baƙara kada a ɓoye shaida. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, masu rajista sun haura miliyan 93, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a kusan miliyan 25 ne kacal. Mace da namiji ɗaya suke a wannan, muddin an kai shekara 18 da doka ta gindaya, kuma bai kamata miji ya riƙe katin matarsa ba.

Maganar abokinka na uku ita ta fi tayar mini da hankali, domin ita ce ta fi yawa a unguwanninmu. Mun ga yadda ake shiga gida gida da daddare ana jibi zaɓe da taliya da sabulu da turmin atamfa, da yadda wani ke tsayawa a bayan katangar firamare da jaka a hammata yana jiran a nuna masa shaidar an dangwala. Wanda ya sayar da ƙuri'a ya sayar da abin da ba nasa shi kaɗai ba, domin sakamakon zai faɗa kan maraya da tsohuwar da ba su ci ko sisi ba. Ya haɗa shaidar zur da rashawa, kuma Annabi ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓa. Dokar Zaɓe ta 2022 ma ta sa shi cikin laifuka. Su kuma masu cewa ka karɓi kuɗinsu ka zaɓi wanda kake so, ban yarda da wannan ba idan an ba da kuɗin bisa sharaɗi, domin ka ƙara yaudara a kan haram, ka kuma raya kasuwar da ake son ta mutu. Wanda aka sa ya rantse zai zaɓi wani, daga baya ya gane bai cancanta ba, ya zaɓi wanda ya cancanta ya yi kaffara, ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in bai samu iko ba ya yi azumin kwana 3. Hukuncin nan ya fi tsanani a kan daliget a zaɓen fid da gwani, ko na sirri ne ko ƙato bayan ƙato, saboda ƙuri'arsa ɗaya tana tsaye ne a madadin dubban mutane.

Sauran kalmomin ba su da wuya. Rajista da katin zaɓe da tantancewa, wato duba yatsa ko fuska da na'ura kafin a ba ka takarda, hanyoyi ne na tabbatar da mai shaida, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Lalatacciyar ƙuri'a ita ce wadda ba a gane wa aka zaɓa ba, saboda haka ka kula da yadda kake naɗe takarda kada ɗanyar tawada ta shafi wani gurbi. Aringizo shi ne ƙuri'u su fi yawan waɗanda aka tantance, abin da ke sa a soke sakamakon rumfa, kuma shi da sace akwati da sauya alƙaluma wurin tattara sakamako duk maguɗi ne, ha'inci ne, ko da ɗan takararka ake yi wa. Tawadar da ake shafawa a farce kuwa launi ce kamar lalle, ba ta hana alwala.

Wanda yake ganin an zalunce shi, wakilin jam'iyyarsa ya riƙe kwafin sakamakon rumfa ya nufi kotun sauraron ƙararrakin zaɓe. Mu mutanen Jos ba ma bukatar a ba mu labarin abin da ya biyo bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a Nuwamban 2008, da ɗaruruwan rayukan da suka salwanta. Ɗaukar makami ko hayar 'yan sara-suka saboda sakamakon zaɓe haramun ne, a kan wanda ya bayar da kuɗin da wanda ya karɓa.

Allah ne mafi sani.