Muryar da aka turo a zauren manoma: amsa kan cin bashi don noman dankali

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Malam, na saurari tambayarka. Ka ce kana noma rabin hekta na dankalin turawa a wajen Bokkos ta Jihar Filato, kana so ka ci bashi ka kai hekta 2 a daminar bana, kuma kana tambaya ko ƙaramin manomi yana da sauran gaba a wannan sana'a. To, ara mini kunnenka.

Kafin ka tambayi nawa za a ba ka, fara tambayar rana biyu: ranar da kuɗin zai shigo hannunka, da ranar da za a ce ka biya. A nan yawancin mutanenmu suke faɗuwa. Dankalin damina ana shuka shi ne daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu, ya yi kamar kwana 90 a ƙasa. Idan kuɗi ya fito a Yuni, ka shuka a makare, ganyenka zai yi ƙuruciya daidai lokacin da hazo da yayyafin Yuli da Agusta suka sauka, kuma lokacin ne cutar nan mai ƙona ganye, wadda muke kira bilait, take cin gona. Kwana kaɗan ya ishe ta. Da safe ka ga ɗigon baƙi a gefen ganye, ka juya bayansa ka ga farin gashi-gashi, kafin mako ya zagayo kunya ta zama kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. Mai bashi kuwa babu ruwansa da hazo.

Yanzu mu yi lissafin hekta ɗaya. Idan ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 30 tsakanin shuka da shuka, kana neman tushe kusan 44,000. Wannan iri ne na kimanin tan 2. Shi ne ya fi cin kuɗi, ya fi taki. Takin NPK 15-15-15 kuma ka sa ran buhu 8 zuwa 10 mai kilo 50, sai dai in kana da kashin kaji ka rage. Sai feshi: Mancozeb duk kwana 7 in ruwa ya zauna, a fara tun cuta ba ta bayyana ba, domin kariya yake yi, ba ya warkarwa. Mai haɗin metalaxyl irin su Ridomil, sau 2 ko 3 kawai a shekara, in an yawaita cutar tana sabawa da shi. Ga kuɗin ƙwadago, ga buhuna, ga kuɗin mota zuwa kasuwar Maikatako ko ta Farin Gada, wanda tun cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama wani babban kaso.

Kuskuren da aka fi yi, wallahi yana ba ni takaici: mutum ya zuba duk bashin a iri da taki, ya faɗaɗa gona, kuɗin feshi ya ƙare a mako na 6. Gonar da aka daina yi wa feshi a tsakiyar Yuli, gara ma ba a shuka ta ba. Saboda haka ka ware kuɗin magani tun ranar farko, ka saya ka ajiye a ɗaki, sannan abin da ya rage shi zai gaya maka girman gonarka.

Maganar inda za a samo kuɗin. Bankin kasuwa zai nemi jingina, galibi takardar mallakar fili ta gwamna, kuma gonar gado a ƙauye ba ta da ita. Kuɗin ruwa ma, a ƙarshen 2024 Babban Banki kansa ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5, bankuna kuma sama da haka suke ɗorawa. Shirin bashin manoma na Babban Banki, wato Anchor Borrowers, da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ruwansa kashi 9 ne a lokacin, amma shinkafa da masara ya fi kallo, kuma Babban Banki ya janye hannu daga irin wannan tallafi. Bankin Manoma yana nan, sai dai ka fara neman tun Janairu, kuma a ƙungiya mai rajista, ba kai kaɗai ba. Wanda ke gudun riba ya tambayi bankunan Musulunci irin su Jaiz tsarin murabaha, inda su za su sayi takin su sayar maka a kan farashin da aka yanke.

Sai ba-da-kaka na dillali. Shi ne ya fi sauri, shi ne kuma ya fi ciwo. Yana ba ka kuɗi a Afrilu, ya karɓi buhuna a Agusta, lokacin da kowa ya tone, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi ƙasa. In dole ce ta sa, a rubuta adadin buhu da girman buhun a gaban shaidu, saboda a cikon bakin buhu ake cinye manomi.

Shawarata, Malam, ka tsaya a hekta ɗaya bana. Game da gaba kuwa, ina ganin tana hannun wanda ya iya ajiye irinsa da wanda zai iya jinkirta sayarwa. Ka sayi iri mai tsabta kaɗan, irin su Marabel ko Nicola, ka nemi shawarar ma'aikatan tashar binciken dankali da ke Kuru, ka shuka shi a wani yanki daban da ba a yi dankali ko tumatir ba shekara 3, saboda cutar da ke sa tushe ya yanƙwane tana zama a ƙasa. Duk tushen da ya yi laushi ka tuge shi har da ƙasarsa. Ka sare ganye mako 2 kafin tono don fata ta yi ƙwari. Irin kuma kada ya kwana a buhu: a shimfiɗa shi a kan katako, hawa 3 ko ƙasa da haka, a ɗaki mai iska da haske amma rana ba ta bugunsa, zai fid da tsiro gajere mai kauri.

Ku haɗu mutum 10 ku yi irin wannan ɗaki ɗaya, ku yi adashin da za a kwashe a Maris. Wanda ke kusa da tafkin kuza kuma, ya raba irin biyu, rabi ya tafi noman rani a Nuwamba, lokacin bilait ba ta da ƙarfi. Wassalam.