Amsa: Me ya sa layin giraf ɗina bai bi ta sifili ba?

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka rataya nauyi a jikin sifirin (murɗaɗɗiyar wayar nan mai miƙewa in an ja ta), ka zana giraf, layin ya miƙe amma bai taso daga sifili ba. Ina kyautata zaton tsawon sifirin gaba ɗaya ka zana, ba ƙarin da ya yi ba. Nan ɗalibai da yawa suke tuntuɓe.

Ka fara auna shi babu komai a jikinsa. A ce santimita 5 ne. Ka rataya giram 100, wanda jansa ya kusa Niyuton 1 (Niyuton shi ne ma'aunin ƙarfin ja), ya koma santimita 7. To 2 za ka rubuta, ba 7 ba. Da giram 200 sai ka ga wajen 4. Dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678 ke nan: ƙarin tsawo yana tafiya daidai da ƙarfin ja, wato F = kx, inda F ƙarfin ja ne, x ƙarin tsawo, k kuma taurin sifirin ɗin. A misalin nan k ya zama rabin Niyuton a kowace santimita.

Wajen karanta rula kuma, ka durƙusa idonka ya yi daidai da ƙasan sifirin, ka bari ya daina lilo tukuna. Ni nakan manna allura a ƙarshensa ta riƙa nuna lambar.

Don Allah kada ka yi ta lafta masa nauyi. In ya wuce iyakarsa layin zai lanƙwashe, kuma ko ka sauke kayan ba zai koma santimita 5 ɗinsa ba.