Robar mahaifa: ta jan ƙarfe ko mai magani?

Tambaya: Anti, barka da war haka. 'Ya'yana huɗu, autan yana wata bakwai, ni da maigida mun yanke shawarar yin tazarar haihuwa. A asibiti an ce akwai robar mahaifa ta jan ƙarfe kyauta, akwai kuma mai magani da ake saya. Amma maƙwabciyata ta ce roba tana hawa har zuciya. Wacce zan ɗauka? Ƙanwarki daga Pantami, Gombe.

Amsa: Ƙanwata, zancen zuciya ki bar wa maƙwabciya kayanta, babu hanyar da ta tashi daga mahaifa ta ɓulle can. Abin da ke faruwa, shi ma da wuya, shi ne robar ta huda bangon mahaifa wajen sa ta, ta faɗa cikin ciki, sai an yi aiki a ciro ta. Kusan mace 1 cikin 1,000 ke gamuwa da haka, kuma ya fi samun mai shayarwa da wadda ba ta daɗe da sauka ba. Tunda kina shayarwa, ki faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ki hau gado, ki kuma nemi wadda hannunta ya faɗa da aikin.

Batun zaɓi kuwa, jinin al'adarki ne zai raba gardama, ba kuɗi ba. Ta jan ƙarfe tana kai shekara 10, ba ta taɓa ruwan nono, amma tana ƙara yawan jini da kwanakinsa da ciwon mara, musamman a wata 3 zuwa 6 na farko. Idan dama ke mai yawan zubar jini ce, ko a wajen awo an sha ce miki jininki ya yi ƙasa, ki buɗe tafin hannu ki gan shi fari fat, ki miƙe jiri ya ɗebe ki, to wannan kyautar za ta zo miki da tsada. Mai magani, irin su Mirena, rage jinin take yi, wasu ma al'adar takan ɗauke musu gaba ɗaya, kuma ba taruwa jinin yake yi a ciki ba. Tana kai aƙalla shekara 5. Aibinta ɗigon jini a watannin farko, yau ya zo gobe ya ɗauke, ya rikita wa mace lissafin salla da azumi. Wannan sai ki kai wa malamarku ta Islamiyya ta warware miki hukuncinsa.

Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tazarar haihuwa kyauta a asibitocinta da na jihohi, ko da yake akan nemi kuɗin kati ko safar hannu. Ki tambaya ko suna da mai maganin kafin ki kai kuɗinki asibitin kuɗi.

Tambaya: Hajiya, a gafarce ni. An sa wa iyalina roba mako biyu da suka wuce. Ina jin wani abu yana tsikarata lokacin saduwa, ita kuma tana ganin ruwa mai wari, ga zazzaɓi da ciwon mara. Na sayo mata kafso a kemis. Ya isa? Wani magidanci daga Kumo.

Amsa: Malam, bai isa ba. Ka kai ta asibiti yau, kada ka jira kafso ya ƙare. Zazzaɓi da ruwa mai wari da ciwon mara a mako 3 na farko alama ce ta cewa ƙwayar cuta ta shiga mahaifa. Galibi ba robar ce ta kawo ta ba, ciwon sanyi ne da ke zaune a bakin mahaifa ya samu hanya wajen sawa. Don haka kai ma a duba ka, in akwai abokiyar zama ita ma a haɗa da ita, in ba haka ba ciwon zagaye gidan zai yi ta yi. Shi ne kuma, idan aka yi masa sakaci, yake toshe hanyar ƙwai har haihuwa ta yi wuya, a zo ana ɗora wa roba laifi.

Abin da kake ji zaren da ke jikin robar ne, siriri, yakan yi laushi da kansa, ana kuma iya gyara tsawonsa. Amma idan abu ne mai tauri, wataƙila robar ce ta zamo daga mazauninta. Kusan mace 1 cikin 20 takan fito mata, yawanci a watannin farko, lokacin al'ada. Kada a ja ta a gida, kuma kada ku dogara da ita sai an duba.

Ƙanwata ta Pantami da Malam na Kumo, ku riƙe wannan: samun ciki da roba bai kai 1 cikin 100 a shekara ba, amma idan ya shiga, ba mamaki ya zauna a wajen mahaifa. Mace ta yi ɓatan wata, ga ciwo a gefe ɗaya na mara, ga jiri ko suma, ko da tsakar dare ne a nemi abin hawa zuwa babban asibiti mafi kusa ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, a kuma gaya wa likita tun a bakin ƙofa cewa akwai roba a jikinta.