Yayana ya kamu da kansar hanji yana shekara 42, ni ma ina cikin haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ni direba ne a Jidda, shekarata 34. Bara aka gano yayana uwa ɗaya uba ɗaya yana da kansar babban hanji, shekararsa 42, ni da na ɗauka ciwon tsofaffi ne. Dan Allah me ke jawo ta ga matasa? Sannan wani lokacin ina ganin jini in na yi bayan gida amma an ce min basir ne.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba yayanka lafiya ya sa kaffara ne. Toh har yanzu waɗanda suka haura 50 ta fi kamawa, amma tun shekarun 1990 take ƙaruwa a 'yan ƙasa da 50 a ƙasashe da yawa, shi ya sa a Amurka aka sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 a 2021. Nan Saudiyya ma daga 45 ake farawa, kuma a maza babu kansar da ta kai ta yawa a ƙasar nan.

Sai dai kai lissafinka daban ne, don gado na da nauyi sosai. Wanda uba, uwa, wa ko ƙani ya kamu, haɗarinsa kusan ninki biyu ne, in kuma da ƙuruciya ta kama ɗan'uwan abin ya fi haka. Ƙa'ida ita ce a duba ka a 40, ko shekara 10 kafin shekarun da aka gano ta ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Cire 10 a 42, saura 32, kaga har ka wuce. Akwai kuma wani gadon da ake kira Lynch, in yana gida sai ka ga kawu da kansar hanji, goggo da ta mahaifa, duk tun ba su tsufa ba, don haka ku tambayi likitan yayanka ko an yi masa wannan gwajin, kai kuma ka zauna da manya ka ji me ya yi ajalin wane da wance, don mu a gida da an ce "ciwon ciki ne" shikenan an rufe magana.

Sauran abubuwan da ke ƙara haɗarin ka san su: tumbi, ciwon suga, sigari (shisha ma hayaƙin taba ce, kar a yaudare ka), giya, da zaman wuri ɗaya. Direba kan sitiyari daga asuba har isha'i, ga sanyin mota ga lemon gwangwani a gefe, dare ya yi a ci kabsa (dafa-dukan shinkafar Larabawa) da nama babu ganye babu wake. A 2015 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa sarrafaffen nama irin su mortadella da sosej cikin abubuwan da ke jawo wannan kansa, giram 50 kullum na ƙara haɗari da kusan kashi 18 cikin 100. Mai daɗaɗɗen kumburin hanji irin Crohn shi ma a sahun gaba yake. Kuma matasa da yawa da take kamawa ba su da ko ɗaya cikin waɗannan, siriri ma kar ya saki jiki.

Maganar jinin nan ita ta fi damuna. Eh yawanci basir ne, amma wa ya leƙa ya tabbatar? A nan matasa ke makara, a yi wata da watanni ana shan jiƙo, ga rama, ga ƙarancin jini, bayan gida yau gudawa gobe ya ɗaure. Gwajin bayan gida da ake yi a markaz, wato ƙaramin asibitin unguwa, na masu lafiya ƙalau ne, kai minzar kake buƙata, wato a zura kyamara a duba hanjin gaba ɗaya. Yawanci ciwon yana farawa ne da ɗan tsiro da kan ɗauki kusan shekara 10 kafin ya rikiɗe, in an gan shi a take ake cire shi. Wahalar kawai maganin wankin ciki da za ka sha ana gobe, ranar kuma allurar barci ake yi, sai ka nemi wanda zai tuƙo ka gida.