Tambaya da Amsa: Gurami Biyu a Akwati Ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Agege. Na saya wa yara akwatin kifi na gilashi mai cin lita 40, na zuba ƙananan kifayen ado da ake kira gurami guda biyu masu ratsin ja da shuɗi, da wasu ƙananan kifaye da ake kira tetra guda shida. Tun ranar, gurami ɗaya ke korar ɗayan, har ya daina fitowa daga bayan matatar ruwa. Kuma suna yawan hawa sama suna haɗiyar iska, ga kumfa tana taruwa a kusurwa. Ko ruwan ne ya lalace saboda ɗauke wuta? Daga wani uban yara.

Amsa: Wa alaikumussalam Alhaji. Ruwanka ba shi da laifi a nan. Maza biyu ka saya. Ratsin nan na ja da shuɗi na namiji ne, macen fara-fara ce mai ɗan ƙyalli, ba ta ɗaukar ido, shi ya sa masu shago ba su cika kawo ta ba. Namijin gurami yana kama wa kansa yanki, kuma lita 40 ba ta isa a raba ta biyu. Wanda ya ɓuya zai daina cin abinci, launinsa ya dushe, daga nan ciwo ya same shi. Ka mayar da ɗaya shago, ko ka ba maƙwabci. Namiji ɗaya da tetra ɗinka shida sun isa akwatin.

Hawa sama kuwa halittar gurami ce. Asalinsa daga Indiya da Bangladesh da Pakistan yake, cikin fadamu da gonakin shinkafa inda ruwa ba ya gudu, iska ta yi ƙaranci. Allah ya yi masa wata gaɓa a cikin kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye. Kumfar nan kuma sheƙa ce. Namijin ke hura ta da bakinsa, ya tsinko ɗan ganye ya cusa a ciki, yana jiran mace ta zo ta yi ƙwai. Idan ka tsaya ka lura, za ka gan shi a ƙarƙashinta yana gadi, yana miƙa zaren nan biyu na ƙirjinsa yana taɓa duk abin da ya gifta. Saboda zaren nan, kada wani ya sayar maka da kifin taiga bab, zai yi ta cizonsa. Kifin beta ma, da yake shi ma mafaɗaci ne, kada ka haɗa su.

Ɗauke wuta ba ya cutar da gurami nan take, amma tetra ba su da wannan gatan na shaƙar iska kai tsaye. Abin tsoro shi ne matatar. Ƙwayoyin bakteriya da ke narkar da dattin kifi a cikinta suna buƙatar ruwa mai motsi, idan wuta ta daɗe sai su fara mutuwa. Ƙaramin famfon iska mai batir ya isa. Ranar da babu wuta ka rage abinci.

Gurami yana son ɗumin ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 28, don haka a Legas ba ka buƙatar na'urar ɗumama ruwa, sai dai in ɗakin mai iyakwandishan ne. Ka nisanta akwatin da taga. Kowane mako ka canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan. Idan na famfo ne, a sa maganin cire kulorin. Ka bar masa ganye mai yawo a sama, ka kuma rage ƙarfin matatar don kada ta watsa masa sheƙa.

Abu ɗaya da masu sayarwa ba sa faɗa: akwai cutar birus da ta yi ƙaurin suna a wannan kifin, kuma ba ta da magani. Alamarta gyambo a jiki, kumburin ciki, da kwanciya a ƙasa. Kada ka sayi kifi daga akwatin da ko ɗaya ke da gyambo. Ni idan mutum na fara kiwo ne, nakan ce ya nemi ɗan'uwansa gurami mai launin zuma. Ya fi ƙanƙanta, ya fi haƙuri, kuma ba ya yawan faɗa.