Gam ɗin haɗa jirgi ya tayar mini da ciwon fata: wanne zan koma wa?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni kafinta ne a Yawuri, kwalekwale nake yi tun ina yaro a gaban mahaifina, da falanki da ƙusa. Shekara biyu da suka wuce na fara karɓar aikin ƙananan jiragen filawud masu ɗaukar inji, waɗanda ake haɗawa da gam ɗin ifoksi mai gwangwani biyu. Wajen wata takwas lafiya lau nake aiki. Daga nan yatsuna suka fara ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje masu ruwa, fatar ta tsattsage. Yanzu ko ban taɓa shi ba, in yarana suna kwaɓawa a rumfa, washegari sai in tashi fatar idona a kumbure. Ina sa safar hannu irin ta asibiti, ina wanke hannu da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, in na tashi aiki. In na huta mako biyu sai abin ya lafa. Wani ya ce in koma gam mai kumfa, wani ya ce farin gam na kafintoci ma ya isa. Wanne zan saya wanda ruwa ba ya ci, kuma jikina zai karɓa?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka siffanta ya yi kama sosai da ƙin ifoksi da jiki kan yi bayan ya daɗe yana cuɗanya da shi. Watanni takwas ɗin da ka yi lafiya, da ƙurajen yatsu, da kumburin fatar ido ba tare da ka taɓa ba, da lafawar da yake yi in ka huta, duk hanya ɗaya suka nuna. Likitan fata ne zai tabbatar, amma gara in faɗa maka mai ɗacin tun da wuri: in ya tabbata shi ne, jiki ba ya mantawa. Garkuwar jikinka ta riga ta shaida sinadarin, kuma ɗan abin da bai kai ya dame ka ba a da, yanzu ya isa ya tayar da ciwon. Magani yana kwantar da ƙurajen, ba ya goge shaidar.

Abubuwa biyu da kake yi don kare kanka sun taimaki ciwon. Safar asibiti ta roba mai laushi ba ta tare ifoksi. Yana ratsa ta cikin mintuna, sai ya zauna tsakanin roba da fata mai gumi, kuma ka san zafin Yawuri a watan Afrilu. Tina kuwa tana narkar da gam ɗin, ta wanke maiƙon da ke kare fata, ta shigar da shi ciki. Ka daina wanke hannu da tina ko fetur ko kananzir daga yau, ka hana yaranka ma. Goge shi da tsumma mai tsabta, sannan sabulu da ruwa.

Kafin ka kashe ko sisi a kan sabon gam, ka nemi sanin ainihin abin da jikinka ya ƙi. Ifoksi ba abu ɗaya ba ne. Akwai ruwan rezin ɗin kansa, akwai mai busarwa na gwangwani na biyu wanda sinadaran amin ne masu wari kamar na fitsari, akwai kuma abin tsinkawa da kamfanoni ke zubawa don ya yi ruwa-ruwa. Kowannensu yana iya zama mai laifin. Kuma kada ka cire katako daga zargi. Ƙurar loko sananniya ce wajen kawo ƙaiƙayin fata da toshewar numfashi, ta maɗaci ma tana damun wasu. Ka nemi likitan fata a asibitin koyarwa, ka tambaya ko suna gwajin mannawa: ana liƙa ƙananan ɗigon sinadarai a baya, a cire bayan awa 48, a sake dubawa a kwana na uku ko na huɗu. Rezin ɗin ifoksi yana cikin jerin da aka saba gwadawa, amma masu busarwa galibi ba sa ciki, don haka ka tafi da hoton gwangwanayen duka biyu, gaba da baya. Kada ka gwada da kanka ta shafa ɗanyen gam a hannu. Mai busarwa yana ƙona fata.

To, ga maganar gam mai kumfa. Wannan foliyuretan ne, kuma da sinadarin aisosayanet ake yin sa, wanda yake sahun gaba cikin abubuwan da ke jawo wa ma'aikata ciwon asma a duniya. Har ta kai Tarayyar Turai, daga 24 ga Agustan 2023, ta wajabta horo ga ma'aikacin da zai yi aiki da kayan da wannan sinadari ya wuce kashi 0.1 cikin ɗari a cikinsu. Mutumin da fatarsa ta riga ta yi bore ba zan tura shi inda huhunsa zai shiga haɗari ba. A fannin aiki ma kumfar yaudara ce: tana cika giɓi a ido, amma ba ta da ƙarfi, sai in katakan sun haɗu ƙam. Su 3M 5200 da Sikaflex 291 da ake toshe jirage da su dangin foliyuretan ne, ko da yake ba sa kumfa.

Farin gam shi ne mafi sauƙi ga jiki, shi ne kuma mafi haɗari ga jirgi. Wanda ake haɗa kujera da kabad da shi yana laushi in ya jiƙa. Ko Titebond III, wanda ya ci gwajin jure ruwa na Amurka, kamfaninsa ya rubuta ƙarara cewa ba na abin da zai zauna cikin ruwa ba ne, ba na ƙasan layin ruwa ba ne, wato ɓangaren jirgin da ke nutse cikin ruwa, ba kuma na haɗin da ke ɗaukar nauyi ba ne. Yi amfani da shi a benci, da akwatin ajiya, da murfi, wuraren da in sun saki ba wanda zai nutse. Mutanen yankinku ba su manta da jirgin da ya tsage a hanyar Wara a watan Mayun 2021 ba, kuma duk mai haɗa jirgi ya san rayukan da ke kan aikinsa. Ka lura kuma, gam mai ruwa irin farin gam yakan ɗauki maganin hana ruɓewa, wanda shi ma wasu jikinsu ba ya so.

Gam ɗin da ya fi kusa da maye gurbin ifoksi wajen jure ruwa shi ne rizosinol, mai barin jan layi mai duhu a mahaɗa. Tun shekarun 1940 ake haɗa jirage da shi, kuma ko dafa katakon aka yi ba ya saki. Aerodux 185 da Cascophen na cikin sunayensa. Ba danginsu ɗaya da ifoksi ba, saboda haka wanda ifoksi kaɗai jikinsa ya ƙi yana iya aiki da shi. Sai dai garin da ake kwaɓa shi da shi fomaldihaid yake fitarwa, mai sa hawaye da tari, mai iya tayar da nasa ƙin jikin, kuma hukumar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin masu jawo ciwon daji tun 2004. Fomaldihaid yana cikin gwajin mannawa, don haka sakamakon ne zai ce maka e ko a'a. Sannan yana da sharaɗi a aiki: ba ya cika giɓi kamar ifoksi. Ifoksi yana rufa wa kafinta asiri in yanka ya karkace. Rizosinol sai fuska biyu sun haɗu sumul, an matse su da kilam, wato ƙarfen matse katako, sosai har ya kama. Zafinmu yana taimaka masa ya bushe, amma yana sa ya daskare a kwano da wuri, sai a riƙa kwaɓa kaɗan-kaɗan da sassafe. Ƙaninsa mai zuwa a matsayin garin da ake kwaɓawa, irin su Cascamite da Aerolite, shi ma fomaldihaid ne, kuma zafi da laima suna cin sa a hankali. Ban ba ka shawararsa a ƙasan jirgi ba.

Kada wani ya ce maka ka koma rezin ɗin faiba, wato foliyesta. Warin sitairin da ke tashi daga gare shi yana sa ciwon kai da jiri, ɗigon ruwan da ake busar da shi in ya faɗa ido yana iya makantarwa, kuma ba ya kama katako da kyau, bayan ɗan lokaci sai ya ɓare kamar ɓawon rogo. Haka farin soson nan da ake tare kaya da shi a cikin kwali, wanda wasu ke narkarwa a fetur su toshe yoyo: tururin fetur ne kake shaƙa, hannunka kuma a ciki.

Shawarata ta gaskiya ita ce ka sauya tambayar. Jirgin filawud irin wanda ake ɗinkewa da waya a shafe kusurwoyinsa da ifoksi, gam ɗin ne ƙashin bayansa. In ka cire shi ka sa wani, ka rushe lissafin wanda ya zana jirgin. Amma akwai tsohon tsari na filawud a kan firam: a kafa haƙarƙarin katako, a bi kusurwoyi da dogayen sanduna, a ɗaure filawud a kansu da sukuru ko ƙusa kusa da kusa. A nan ƙarfe da katako ne ke riƙe jirgin, abin da aka shafa a tsakani aikinsa hana ruwa shiga kawai. Kuma wannan hannunka ya riga ya san shi, domin kwalekwalen da mahaifinka ya koya maka ƙusa ce ke riƙe shi, auduga ko tsumma ke toshe tsakanin falanki, katako ya sha ruwa ya kumbura ya matse. Ba ci baya ba ne. Jiragen katako sun yi ɗaruruwan shekaru suna ratsa teku kafin a ƙirƙiro ifoksi. Ka nemi ƙusa mai rufin zinki mai kauri, ko sukuru na tagulla ko na ƙarfen da ba ya tsatsa, domin a wannan tsari in ƙusa ta ruɓe komai ya tafi.

Abin shafawa a tsakanin kuwa, wanda na fi natsuwa da shi ga mai irin lalurarka shi ne wanda ake rubuta wa MS ko SMP a jikin kwalinsa. Ba ifoksi a cikinsa, ba aisosayanet, galibi ba sinadarin narkarwa mai wari; laimar iska ce ke busar da shi, ya zama kamar roba mai bin motsin katako. Sikaflex 591 da Simson MSR na wannan gida ne. Yana fitar da ɗan mitanol, wani sinadari mai guba, yayin bushewa, wasu nau'o'insa kuma suna da ƙananan sinadaran da kan tayar da ƙaiƙayi, don haka safar hannu da iska suna nan daram. Ka tabbata wanda za ka saya an rubuta ya dace da ƙasan layin ruwa, domin akwai na gini masu kama da shi. Kwalta ma tana toshewa kamar yadda kuka saba, amma tururinta in ana dafawa ba abin shaƙa ba ne, kuma ta gawayin kwal tana sa fata ƙuna in rana ta buge ta.

Ga abin da zai raba ka da dogaro da bakin mai shago. Kayan kirki suna da takardar bayanin haɗari, ana samunta a intanet in ka rubuta sunan gam ɗin da haruffan SDS. Duba sashe na 2 da na 3. H317 na nufin yana iya sa fata ta ƙi shi. H334 na nufin yana iya kawo asma in an shaƙa. EUH205 na nufin akwai ifoksi, EUH204 akwai aisosayanet. Waɗannan lambobi sukan fito a jikin gwangwanin ma. Kalmomin talla irin su "marar wari" ko "daga tsirrai aka yi" ba su da amfani gare ka. Ifoksin da aka yi da man tsirrai ifoksi ne, kuma rashin wari ba ya nufin rashin cutarwa. Gam ɗin da aka ɗura a galan ba suna ba takarda, bar shi a shagon.

In mai aiki ya dage sai ifoksi, kuma ba ka son ka rasa cinikin, to ka yi yanka da ƙira da haɗawa, wani ya yi shafin a wata rumfa dabam, ba a taka rumfar ba. Ifoksin da ya gama bushewa sarai galibi ba ya tayar da ciwon, amma taurin da yake yi a kwana ɗaya ba shi ne gamawa ba. Ba shi mako guda zuwa biyu kafin ka kusance shi, kuma gugar samfefa ba taka ba ce, domin ƙurar wanda bai gama nuna ba tana cikin manyan hanyoyin da ciwon ke kama fuska da wuya. Kayan aikin masu shafin su zama dabam da naka: hannun guduma, da tef, da kilam, har wayar salula, duk suna ɗaukar ɗanyen gam. Tufafin da suka yi aiki da su kada a haɗa su da naka a wanki, kada kuma a kai wa iyali su wanke da hannu.

Yaran naka su ne suke inda kake shekara biyu da suka wuce. Saya musu safar naitiril mai kauri, su sa biyu, su canza ta waje da zarar ta ɓaci, riga mai dogon hannu, tabarau, da takunkumi mai gwangwanin tace tururi da ƙura, domin na kyalle ba ya tare tururi. Su kwaɓa a inda iska ke wucewa, da sanda, ba da yatsa ba.

Ka sani kuma ifoksi ba a rumfar jirgi kaɗai yake ba. Araldite na ƙananan tub biyu shi ne, haka gam ɗin minti huɗu na makanikai, da wasu nau'o'in fenti mai gwangwani biyu na ƙarfe da daɓen ƙasa, da wasu kayan cike tsakanin tayil. In kuma ka taɓa jin ƙirjinka ya ɗaure, ko numfashinka yana fito, ko tari yana tashe ka da dare bayan ranar aiki, kada ka jira ranar ganin likitan fata. Je asibiti a ranar, ka gaya musu sana'arka da sunan abin da ake kwaɓawa a rumfarka.