Karatun mataimakin likita (medical assistant) a Amurka: daidai yake da na nas?

'Yar'uwa, kin tambaya ko wanda ya karanta mataimakin likita a kwalejin Amurka ya zama nas. A'a, hanyarsu daban.

Kwas ɗin gajere ne: satifiket kusan shekara 1, ƙaramin digiri shekara 2. Aikin yawanci a asibitin sha-ka-tafi ne: awon hawan jini, ɗibar jini, shirya mara lafiya kafin likita ya shigo, da rubuce-rubucen ofis. Ki tabbatar CAAHEP ko ABHES (hukumomin tantance irin waɗannan kwasa-kwasai) ta amince da kwas ɗin, don ki samu zama jarrabawar CMA (ta samun shaidar ƙwarewar mataimakin likita) ba wahala.

Nas kuwa sai ta ci NCLEX (jarrabawar samun lasisin nas), kuma albashinta ya fi sosai. In da hali, ni dai nas zan ce ki nema.